Sababbin Akori-kura Masu Shan Dizal: Inji Ya Ƙara Ƙarfi, Amana Ta Ragu

Shekaru da dama injin dizal ya yi suna da juriya, kuma saboda wannan suna ne manoma da makiyaya da 'yan kwangilar gine-gine a Amurka suka saba biyan ƙarin kuɗi, wanda a yau ya kai kimanin dala 10,000 a kan farashin mai shan fetur, domin su mallaki babbar akori-kura da za ta ja tirelar shanu ko ta ɗauki kayan aiki shekara da shekaru ba tare da ta kwana a gareji ba. Injin Cummins mai lita 5.9 da Dodge ya fara ɗorawa a motocinsa a 1989, da injin Power Stroke mai lita 7.3 da Ford ya yi amfani da shi daga 1994 zuwa 2003, su ne suka kafa wannan suna, domin injuna ne marasa tarkace, waɗanda bakaniken ƙauye zai iya kwancewa ya mayar, kuma har yau ana ganin su a kan titi bayan sun ci dubban ɗaruruwan mil. Motocin da suka gaje su sun ninka su ƙarfi, sun fi su shiru, hayaƙinsu kuma ya ragu ƙwarai, amma koke-koken masu su a kan yawan lalacewa da irin tarbar da ake yi musu a wajen dillalai sun kai har gaban kotuna da hukumomi. Lalacewar inji a karan kanta ba abin mamaki ba ce, domin duk abin da hannu ya ƙera yana iya samun tangarɗa. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda aka tsara cinikin ta yadda asarar kan zarce kan mai saye, wanda shi ne ya fi kowa rauni a cikin masu ruwa da tsakin.

Canjin ya samo asali ne daga dokokin hayaƙi. A 2006 Amurka ta fara komawa ga man dizal da aka tace sinadarin farar wuta daga cikinsa har ya rage kashi 15 cikin miliyan, alhali a da an yarda da kashi 500; a 2007 aka tsaurara doka a kan ƙurar baƙin hayaƙi; zuwa 2010 kuma aka matse iyakar iskar naitirojin oksayid, wadda ke tayar da asma da sauran cututtukan huhu. Domin cika irin waɗannan sharuɗɗa sai kamfanoni suka ɗora wa injin wasu na'urori uku, kowace da na'urorin lura da wayoyinta da manhajarta. Ta farko tana mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji domin rage zafin ƙonewar mai, bayan an sanyaya shi da ruwan lagireto, kuma a nan ne injin Ford mai lita 6.0, wanda kamfanin Navistar ya ƙera masa daga 2003 zuwa 2007, ya zubar da mutuncinsa, har kamfanonin biyu suka maka juna a kotu a 2007 a kan wanda zai biya kuɗin gyare-gyaren garanti, daga bisani suka raba gari. Irin wannan na'ura ce kuma ta sa a 2019 aka yi wa motocin Ram 1500 masu injin EcoDiesel fiye da 100,000 kiranye, wato aka nemi masu su su mayar da su a gyara kyauta, saboda tana iya tsagewa ta haddasa gobara.

Na'ura ta biyu matata ce da ke cikin salansa, wadda ke tare kunkunniyar hayaƙi, idan ta cika kuma sai kwamfutar motar ta ƙara watsa mai domin zafin salansar ya kai kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, kunkunniyar ta ƙone ta zama toka. Wannan ƙonawa tana buƙatar doguwar tafiya a kan babbar hanya da gudu mai ɗorewa, saboda haka motar da aikinta shi ne gajeruwar zirga-zirga cikin gari, ko tsayuwa inji na kaɗawa a bakin wurin gini, ba ta samun damar kammala ta. Direba kan ga saƙo a gaban sitiyari yana umartarsa da ya ci gaba da tuƙi domin matatar ta wanke kanta, ko da kuwa ya riga ya iso inda za shi. Idan ya kashe motar sau da yawa a tsakiyar wannan aiki, matatar ta toshe, ɗanyen man da bai ƙone ba kuma ya zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Dillali ya san wannan sarai tun ranar ciniki, amma ba kasafai yake tambayar mai saye irin aikin da zai yi da motar ba, domin amsar gaskiya za ta iya sa ya ba shi shawarar ɗaukar mai shan fetur, wadda ta fi araha.

Ta uku tana fesa wani ruwa cikin salansa, wanda haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, ana kuma sayar da shi a Turai da sunan AdBlue. Yuriyar dai ita ce wadda manoma suka sani a buhun taki, sai dai an fi tace ta. Ruwan yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifiri, don haka tankinsa na da na'urar ɗumamawa da famfo da na'urar auna inganci. Domin kada direbobi su yi sakaci da zuba shi, an tsara motar ta riƙa ƙidaya sauran mil, idan wa'adin ya cika kuma ta rage gudu har ya koma kusan kilomita 8 a awa. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta bambance tsakanin direban da ya ƙi zuba ruwan da na'urar aunawa da ta mutu, saboda haka mutum zai iya cika tanki taf, amma wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba ta gurgunta masa mota da tirela cike da dabbobi a tsakiyar hanya. Hukumar kare muhalli ta Amurka da kanta ta amince cewa hukuncin ya yi tsauri, domin a Agustan 2025 ta fitar da sabon umarni da ya nemi kamfanoni su sassauta shi ta hanyar sabunta manhaja.

Babu inda lamarin ya fi fitowa fili kamar a batun famfon mai samfurin CP4 na kamfanin Bosch. Injin dizal na zamani yana buƙatar a matsa mai da ƙarfin da ya kai kimanin ninki 2,000 na nauyin iskar sararin duniya kafin injekta ta fesa shi, kuma famfon da ke wannan aiki yana da wani ɗan ƙarfe mai mirginawa a kan wani ƙarfen, ba su da abin da ke sa musu santsi sai man dizal ɗin kansa. Tace farar wuta daga mai kuwa yana tafiya da wasu sinadaran da ke ba shi santsi, ga shi kuma ma'aunin santsin da Amurka ta amince da shi ya fi na Turai sassauci: a gwajin da ake goga ƙarfe cikin mai a auna girman tabon da ya bari, Amurka ta yarda da maikiron 520, Turai kuwa ta tsaya a 460. Idan santsi ya gaza, ko iska ko ruwa suka shiga, sai ƙarafan su fara cin juna, ɓurɓushinsu ya bi mai zuwa bututai da injektoci, ya koma cikin tanki, ta yadda bakanike da ya kwance na'urar da ke saman famfon zai tarar da ƙyalƙyalin ƙarfe kwance a ramin. Daga nan gyara ya wuce canza famfo, sai an sauya kusan dukkan hanyar mai an wanke tanki, aikin da kan lashe dala 10,000 ko kusa da haka, kuma injin kan mutu ne ba zato ba tsammani, wani lokaci ana tsakiyar gudu.

Ford ya ɗora wannan famfo a injinsa mai lita 6.7 tun daga ƙirar 2011, General Motors ya yi amfani da shi a injin Duramax daga 2011 zuwa 2016 kafin ya koma ga famfon kamfanin Denso, Ram kuwa ya ɗauke shi a ƙirar 2019 da 2020, wato bayan shekaru ana kuka da shi, sannan a Nuwambar 2021 ya yi wa motoci kimanin 222,000 kiranye domin a cire shi. General Motors ya amince ya biya dala miliyan 50 domin kashe ƙarar da masu motoci suka shigar, ba tare da ya amsa laifi ba, Ford kuma a farkon 2025 ya yi wa motoci kusan 295,000 na ƙirar 2020 zuwa 2022 kiranye a kan famfon, inda ya danganta matsalar da daskararren dattin da tsohon man tsirrai da ake gauraya wa dizal ke bari. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin fara lalacewa da amincewar kamfani, domin a cikin waɗannan shekaru dubban mutane sun je wajen dillali ɗaya bayan ɗaya, kowane ana nuna masa kamar shi kaɗai abin ya taɓa faruwa da shi.

Fahimtar halin dillali na buƙatar sanin matsayinsa. A mafi yawan jihohin Amurka doka ta hana kamfanin ƙera mota ya yi gogayya da dillalansa wajen sayar wa jama'a kai tsaye, saboda haka dillali kasuwanci ne mai zaman kansa wanda ke sayen motoci daga kamfani ya sayar, shi ne kuma ke yin gyaran garanti, wato alkawarin da kamfani ya ɗauka na gyara kyauta, wanda ga injin dizal yakan kai shekara 5 ko mil 100,000. Idan gyaran babba ne, dillali sai ya nemi izini daga kamfani, ya aika hotuna da bayanai, kuma idan masu binciken kamfani suka gano daga baya cewa bai cika ƙa'ida ba, suna iya karɓe kuɗin da suka biya shi. Wannan ne ya sa abu na farko da ake yi wa motar da famfonta ya tarwatse shi ne a ɗebi mai daga tanki a duba ko akwai ruwa, ko fetur, ko yuriya, a kuma leƙa ko akwai tsatsa. Da zarar an ga alama sai a ce gurɓataccen mai ne, garanti bai shafe shi ba, mai mota ya nemi kamfanin inshorarsa ko gidan man da ya sha. Wanda ya ɗebi man, da wanda ya duba shi, da wanda ya yanke hukunci duk ɓangare ɗaya ne, mai mota kuwa ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai rasiɗin gidan mai, idan ma ya adana.

Gaskiya ne cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai direbobin da ke wuce lokacin canza matatar mai, akwai masu yin biris da fitilar da ke nuna ruwa ya taru, akwai kuma waɗanda kan zuba ruwan yuriya cikin tankin dizal bisa kuskure. Sai dai ko a nan akwai abin tambaya, domin a yawancin waɗannan motoci bakin tankin yuriya yana dab da bakin tankin mai, a bayan murfi ɗaya, kuma ba direba ne ya zana shi haka ba. Injin da ɗigon ruwa kaɗan zai iya jawo masa gyaran dala dubbai, alhali an ƙera shi ne domin gonaki da wuraren gini inda ake shan mai daga tankunan ajiya, inji ne da aka ƙera ba tare da an bar wa kuskuren ɗan Adam gurbi ba.

Tsarin biyan kanikawa ma yana da nasa hannu a ciki. A garejojin dillalai da yawa ba a biyan bakanike gwargwadon sa'o'in da ya yi yana aiki, ana biyansa ne gwargwadon sa'o'in da littafin kamfani ya ƙayyade wa kowane gyara, kuma lokacin da ake warewa gyaran garanti yakan gaza na gyaran da mai mota zai biya daga aljihunsa. Matsalar da ke zuwa ta tafi, kamar waya mai kwance-kwance ko na'urar lura da ke ruɗewa idan ta yi zafi, tana iya cin yini guda ana nemanta, littafin kuwa bai tanadi kuɗin wannan yini ba, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a goge saƙon kuskure daga kwamfuta, a rubuta a takarda cewa ba a ga matsalar ba, a miƙa wa mai mota makullinsa. Bayan kwana biyu fitilar ta sake kunnuwa, a shiga kai gwauro a kai mari. Ƙwararrun da za su iya wannan aiki kuma sun yi ƙaranci, domin wasu gyare-gyaren sai an ɗaga gidan direba gaba ɗaya daga kan shasi kafin hannu ya kai ga inji, kuma shugaban Ford, Jim Farley, ya faɗa a ƙarshen 2025 cewa akwai guraben kanikawa kusan 5,000 a garejojin dillalan kamfanin da aka rasa masu cike su. A shekarar ce kuma Ford ya yi kiranye fiye da sau 100 a kan motocinsa iri-iri, adadin da babu kamfanin da ya taɓa kaiwa a shekara guda a Amurka, kuma kowane kiranye layi ne da ke ƙaruwa a ƙofar garejin da ma ya cika.

Ga wanda akori-kura ce jarinsa, jira shi ne babbar asara. Takardar kiranye kan iso tun kayan gyara ba su samu ba, mai mota ya yi ta jin gafara sa bai ga ƙaho ba, motar na ajiye makonni, bashin banki kuma bai tsaya ba. Ko da dillali ya ba shi aron mota, galibi ƙarama ce wadda ba za ta ja tirela ba, garanti kuma a rubuce yake cewa bai ɗauki nauyin cinikin da aka rasa ba. Doka ta yi wani tanadi: dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya sharɗanta garanti da sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, jihohi kuma, tun daga Connecticut a 1982, sun kafa dokokin da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar motar da aka kasa gyarawa bayan 'yan gwaje-gwaje. Amma jihohi da dama sun sa iyakar nauyi ko sun ware motocin kasuwanci daga wannan kariya, wanda ke nufin mutumin da ya fi dogara da motar shi ne dokar ta fi bari a baya.

Masu motoci da yawa sun ɗora laifin duka a kan dokokin muhalli, har wasu suka ɗauki matakin cire na'urorin hayaƙi su sauya manhaja, abin da doka ta haramta kuma yake iya kashe garanti. Wani rahoton hukumar kare muhalli na 2020 ya ƙiyasta cewa an yi wa motoci fiye da 550,000 haka cikin shekara goma. Ana iya fahimtar fushinsu, amma hujjar ba ta cika ba. Doka ta faɗi iyakar hayaƙi ne, ba ita ta zaɓi famfo ba, ba ita ta rage wa bakanike sa'o'i ba, kuma kamfanonin ba su tsaya ga rage hayaƙi kawai ba, sun ci gaba da tseren ƙara ƙarfin inji shekara bayan shekara domin talla, wanda ke ƙara matsi da zafi a kan kowane ƙarfe. Su kansu ba su tsira daga zargin yi wa dokar zagon ƙasa ba: Fiat Chrysler, mai motocin Ram a lokacin, ya amince da biyan kimanin dala miliyan 800 a 2019 a kan manhajar injin EcoDiesel, Cummins kuma ya amince da tarar dala biliyan 1.675 a ƙarshen 2023 a kan injunan motocin Ram, tare da kiranyen motoci kusan 600,000. Kamfanin da ya biya irin wannan tara ba shi da bakin da zai soke garantin manomi saboda ya taɓa salansa, ko da yake a shari'ance yana iya ƙin biyan gyaran da taɓawar ta jawo.

Ostireliya ta nuna wata hanyar kallon lamarin, a kan motar da babu wanda bai san ta ba a ƙasar Hausa. A Afrilun 2022 kotun tarayya ta ƙasar ta yanke hukunci cewa motocin Toyota samfurin Hilux da Prado da Fortuner fiye da 260,000, waɗanda aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020, suna da naƙasa a matatar salansa, wadda ke sa su fitar da farin hayaƙi mai wari su kuma ƙara shan mai, sannan ta ƙiyasta cewa darajarsu ta ragu da kashi 17.5 cikin ɗari. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage adadin zuwa kashi 10, kotun ƙoli kuma a 2024 ta mayar da batun lissafin diyya a sake dubawa, amma ginshiƙin hukuncin bai rushe ba, wato wanda ya sayi mota mai ɓoyayyen aibi ya biya fiye da ƙimarta tun ranar ciniki, ko ta taɓa tsayawa da shi a hanya ko ba ta taɓa ba. Wannan fahimta ta fi kusa da adalci, domin ta ɗauke nauyin kawo hujja daga kan mutum ɗaya da ke tsaye a gaban teburin dillali.

Lamarin ya shafi Najeriya da Nijar ta fuska biyu. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da Turai suna shigowa a matsayin na hannu ta Kwatano da Legas, garantinsu bai ƙetaro teku tare da su ba, kuma suna tarar da man da tarihinsa ya sha bamban: Najeriya ta daɗe tana amincewa da dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50, ga kuma algus da kananzir, wanda ke tsinka mai ya rage masa santsi. Bakanike a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai iya huda matatar salansa ya rufe bakin kwamfuta, amma ba shi da dabarar da za ta hana famfo cin kansa idan mai ya gurɓata. Fuska ta biyu ita ce ta ma'aikatun gwamnati da hukumomin tsaro da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke sayen sababbin akori-kura da yawa a lokaci guda, kuma su ne kaɗai ke da ƙarfin da za su gindaya wa dillali sharaɗi. Ya kamata kowace kwangilar irin wannan ta bayyana a rubuce cewa an ƙera injin ne domin man da ake samu a ƙasar, cewa dillali zai ajiye famfo da injektoci da matatu a cikin ƙasa, da iyakar kwanakin da mota za ta yi a gareji kafin ya ba da madadinta, da kuma cewa idan aka yi zargin gurɓataccen mai, ɗakin gwaji mai zaman kansa ne zai duba shi a gaban ɓangarorin biyu. Hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, wadda dokar 2018 ta kafa, tana da hurumin neman a shimfiɗa waɗannan sharuɗɗa ga ɗaiɗaikun masu saye ma, kuma ya dace ta fara tun kafin injunan da ke da waɗannan na'urori su mamaye kasuwa.